Miyar Gujiya a Ƙasar Gwandu: Baƙuwar da ta Zama 'Yar Gida

Bana mun ga ya dace mu ɗan kauce wa tarihin sarakuna, mu leƙa madafa. Dalili kuwa shi ne, a wata ziyara da muka kai gidan wani ɗan uwa a birni, mun ambaci miyar gujiya sai 'ya'yansa suka yi ta kallon juna. Sai da muka ce gyaɗa, kamar yadda Kanawa ke faɗi, sannan suka gane. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, domin a cikin sunan nan tarihin miyar yake kwance.

Gyaɗa ba shukar ƙasar Hausa ba ce tun asali. Daga Kudancin Amurka ta fito, Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, daga nan ta yi ta ratsowa hannu zuwa hannu har ta iso gare mu. Kafin zuwanta, kakanninmu suna da tasu shukar mai 'ya'ya a cikin ƙasa, wadda har yau a Kano ake kira gujiya. Da baƙuwar ta zo, ta kuma fi mai da garɗi, sai mu mutanen yamma muka ɗora mata sunan 'yar gida, ita kuwa ta asalin muka bar ta da ƙwaruru. Haka abin yake a Sakkwato da wurare da dama na Nijar. Barkono, wanda muke kira tonka, da tarugu da tumatir, su ma duk daga can Amurka suke.

To, mene ne namu a cikin tukunyar? Da yawa. Akwai sure, wato yakuwa, wanda tsaminsa ke yanke maiƙon gujiya. Akwai daddawar kalwa da daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan suren kansa. Akwai gabu, busasshen ganyen albasa. Albasar Gwandu kuwa ba yau ta yi suna ba. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahin Gwandu. Masana sun fi tuna wannan ziyara da cewa a nan ya samu kwafin littafin Tarikh al-Sudan, amma a cikin labarin tafiyarsa ya yaba albasar garin da ayabarsa. Mu da muka koyar da tarihi shekara da shekaru, sai da girma ya zo muka lura da wannan.

Abin mamaki, gyaɗa ta yi wa ƙasarmu wata hidimar dabam da wadda ta yi wa gabas. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, a 1912 cinikin gyaɗa ya ɓarke, aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar arzikin Arewa, ana ambaton attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Mu kuwa layin dogo bai taɓa zuwa gare mu ba. A 1929 ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda. Ba mu ce manomanmu ba su sayar ba, sun sayar don biyan haraji. Sai dai a ganinmu nisan nan ya sa gujiya ta fi zama abin tukunya da ƙuli-ƙuli da man gida, a hannun mata, fiye da kayan awo. Fari na 1973 da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975 sun rushe dalar, amma ba su kashe miyar ba. Muna tuna shekarun nan sarai: iyayenmu mata kan auna gujiyar miya da tafin hannu, abin da a da ake ɗiba da ƙwarya.

Ga yadda muka ga ana yin ta. Da farko a zauna a tsince, a zubar da duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta motse, ko ta yi fumfuna. Muna yara mun ɗauka tsabar fitina ce ta tsofaffi. Ashe tun 1960, lokacin da talo-talo masu ɗimbin yawa suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa, masana suka gano gubar da fumfunar ke haifarwa, mai lalata hanta. Bayan tsinta sai a soya sama-sama a kasko, a murje, a fece ɓawon, a daka a turmi har ta fara nason mai. Wasu gidajen ɗanya suke dakawa, miyar ta fito fara. Shi kuwa sure, a tafasa shi daban a tsiyaye ruwan farko, ko a jefa masa 'yar kanwa, don tsamin ya rage ba ya mutu ba. A dafa nama ko kifi da albasa, tonka, daddawa da gishiri, a dama gujiyar da ruwan ɗumi a zuba, a rage wuta. Nan ne gwaninta take. Miyar gujiya ba ta son gaggawa, tana kama gindin tukunya da an ba ta baya, kuma ba a cewa ta nuna sai mai ya taso ya kwanta a kanta. Sannan ne sure ke shiga, gabu ya biyo baya.

A gidajen da muka sani a Gwandu, nama aka fi sa wa, a ɗiga man shanu a kan tuwo. A Kalgo da ƙauyukan da ke bakin fadamar gulbi, busasshen kifi ne sarkin tukunya, a ci da tuwon jar shinkafa, wadda ita ma tamu ce ta Afirka tun fil azal. Mun yi aiki a ɓangarorin biyu, mun ci gishirin kowa, saboda haka ba za a ji hukunci daga bakinmu ba, ko da yake in damina ta ja baya, sure yana ɗanye, mukan tuna Kalgo.

Mun san uzurin matan birni: babu turmi a bene, babu lokaci. Injin markaɗe ya wadatar, ba mu da ja. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne gyaɗar kwalba mai sukari, da kuma a ce ɗanɗanon Maggi ya maye gurbin daddawa. Gabu, batso, busasshen sure da kifi ba su da nauyi, kuma sukan yi watanni ba su lalace ba in an adana su a busasshen wuri. Duk wanda ya zo gida Sallah, ya ratsa kasuwar Gwandu ko ta Kalgo, ko ya tsaya Jega a kan hanyarsa ta komawa, zai same su. In an kai su gida, a kira yara madafa, a gaya musu sunan kowanne kamar yadda ake faɗinsa a nan.