Ruwan da bai zo kan kari ba: yadda noma ya gina biranen Sumer

A darasin tarihi ana faɗa wa yaranmu cewa wayewa ta fara a ƙasar da ke tsakanin koguna biyu, Dijla da Furat, a kudancin Iraƙi ta yau. Yaro ya haddace, ya ɗauka cewa duk inda kogi yake arziki na nan. Amma tarihin Sumerawa ya nuna cewa kogunan nan wahala suka fara kawo musu, kuma ƙoƙarin shawo kan wahalar ne ya haifi birane da rubutu da doka.

Ruwan saman da ke sauka a can a shekara bai kai rabin na Maradi ba, don haka noman damina ba ya yiwuwa. Kogunan biyu suna tasowa daga duwatsun gabashin Turkiyya, suna cika idan dusar ƙanƙara ta narke, wajen watan Afrilu da Mayu. A daidai lokacin ne sha'ir ke nuna a gona. Lokacin shuka kuwa, a Oktoba da Nuwamba, ruwan ya ja baya. Wato ruwa na ƙaranci sa'ad da ake nemansa, ya yi ambaliya sa'ad da ake shirin girbi. Manomin Misira bai san wannan matsala ba, don ambaliyar Nilu tana zuwa kafin shuka.

Abin da ya taimaki Sumerawa shi ne Furat yana tafiya a hankali, yana tara laka a gaɓarsa har ya fi filayen da ke gefensa tudu. Idan aka fasa gaɓar aka haƙa magudana, ruwa zai gangara gona da kansa. Sai dai magudanar tana cikewa da laka, dole a yashe ta kowace shekara, a kuma ɗaga jinga don tare ambaliya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin ya buƙaci gayya, da mai raba ruwa, da rumbun da za a ciyar da ma'aikata. Da haka ƙauyuka suka girma. An kafa Eridu wajen shekara ta 5400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma zuwa wajen 3100 birnin Uruk ya tara dubban mutane da yawansu ba su riƙe garma.

Ɗakunan bauta da fadoji su ne suka riƙe manyan gonaki da rumbuna. Suna karɓar sha'ir da dabino da ulun tumaki, suna raba wa masu aiki. Wanda ke raba hatsi ga ɗaruruwan mutane ba zai dogara da tunaninsa kaɗai ba. Wajen shekara ta 3200 aka fara zana alamomi a kan allunan yumɓu a Uruk, kuma mafi yawan allunan farko lissafi ne na hatsi da dabbobi da ma'aikata. Alamar da ke nufin “ci” ma kan mutum ce da kwanon rabo kusa da bakinsa. A zamanin daular Ur, wajen 2100, rabon namiji a wata sila 60 ne na sha'ir, mace sila 30, sila ɗaya kuwa kusan lita guda ce. Daga ƙidayarsu ta sittin-sittin muka gaji minti 60 a awa ɗaya.

Malamai za su so jin cewa sunan makarantarsu eduba, ma'ana gidan allo. Yaro yana kwafar abin da malami ya rubuta, yana maimaitawa har ya zauna masa. Cikin abin da ake kwafa har da nasihar wani manomi ga ɗansa kan ban ruwa da huɗa da girbi.

Ƙasar ba ta da dutse, ba katako mai kyau, ba ƙarfe. Rarar hatsi da tufafin ulu suka saya mata su. Jiragen ruwa suna kawo tagulla daga Magan, wato Oman ta yau, ta hanyar Dilmun, wato Bahrain.

Ruwan da ya haɗa su ya kuma raba su. Biranen Lagash da Umma sun yi kusan shekaru 150 suna faɗa kan wani fili mai albarka da ake kira Gu'edena da magudanan da ke shayar da shi. Dutsen da sarki Eannatum na Lagash ya kafa don tunawa da nasararsa, wajen 2450, yana gidan tarihi na Luvur a Paris. Dokokin sarki Ur-Nammu sun yanke tarar sha'ir ga wanda ya sa ruwa ya mamaye gonar wani.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta zo da takobi ba. Ruwan kogi yana ɗauke da gishiri kaɗan. Rana ta busar da ruwan, gishirin ya zauna, kuma fili shimfiɗaɗɗe ba shi da mafitar da za ta wanke shi. Manoma sun riƙa barin gona ta huta shekara guda bayan kowane girbi. A 1958 masana biyu, Thorkild Jacobsen da Robert Adams, sun nuna daga alluna cewa alkama ta yi ta raguwa, sha'ir mai jure gishiri yana maye gurbinta. Wasu masana suna ganin an kambama lamarin, amma allunan da kansu sun ambaci gonakin da gishiri ya ɓata.

Yaron da ya taɓa ganin fadamun noman rani na Jiratawa ko na Birnin Ƙonni ya riga ya san rabin darasin nan. A tambaye shi wa ke buɗe ruwa, wa ke yashe magudana, wa ke rubuta abin da kowa ya biya, me ke faruwa idan na sama ya tare wa na ƙasa. Amsoshinsa su ne tambayoyin da Sumerawa suka zauna a kansu shekaru 5000 da suka wuce, kuma ɗiyanmu ne za su amsa su gobe a bakin kogin Kwara da Gulbin Maradi.