Daga Faifan Talla Zuwa Kwalin Tekawe: Tarihin Abincin Saye a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Abin da ya sa ni wannan rubutu a hutun da ya wuce ya faru. Yayana ya karɓi albashi, sai ya ce yau dai bari ya hutar da matarsa hura wuta, ya kuma faranta wa yara rai. Ya aike ni wani gidan abinci na zamani da ke bakin titi, na sayo shinkafa da kaza har kwali bakwai, watau abin nan da ake kira tekawe. Muna bajewa a tsakar gida sai kakarmu ta dube ni ta ce, "Kai angona, nawa kuka ba da a nan?" Da na faɗa mata sai ta ajiye cokali, ta riƙe baki. Can ta nisa ta ce, da ƙuruciyarta wanda ba shi da halin ɗora tukunya shi ke aikawa a sayo dafaffe, yau kuwa ga shi sai mai hali. Yayana ya yi dariya, amma kafin wata ya raba tsakiya na ga ya fara karɓar awo bashi.

Maganar tsohuwar nan ta tsaya mini a rai. Shin gaskiya ne a da abincin saye na talaka ne? In haka ne, me ya sa ya yi araha, yaushe kuma al'amarin ya juya? Waɗannan tambayoyi nake so mu bi tare da mai karatu, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Zamanin Wuri

Da farko dai ya kamata mu kawar da zaton da wasunmu ke yi, cewa sayen dafaffen abinci baƙuwar ɗabi'a ce da ta zo da Turawa. Turawan farko da suka shigo ƙasar nan samun ta suka yi. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano cikin 1824, ya bayyana yadda ya ga masu gashin nama kusa da mahauta a kasuwar birni, sun kewaye wuta da tsinkaye, an jera tsoka da kitse bi da bi. Duk wanda ya karanta bayaninsa ya san tsire yake nufi, irin wanda muke saye har gobe.

Heinrich Barth kuwa, wanda aka sani a nan da sunan Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851. Shi ya ƙiyasta cewa da wuri 50,000 zuwa 60,000 iyali guda za su iya rayuwa shekara sukutum cikin wadata, har da tufafinsu. In muka raba wannan bisa kwanakin shekara, zai kama wajen wuri 140 zuwa 160 ke nan a yini. Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar kuɗin. Tun da yake wuri ɗaya ma kuɗi ne, ana iya yanka ciniki ƙanana-ƙanana yadda kowa zai samu daidai ƙarfinsa. Mai wuri biyar ya sayi na biyar, mai ashirin ya sayi na ashirin.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato cikin 1903, sannu a hankali kuɗin ƙarfe suka ture wuri, amma wannan sauƙi bai ɓace ba. Ga anini mai huda a tsaka, wanda goma ke yin kwabo. Ga ɗari, watau rabin kwabo, ga taro, ga sisi, kafin a kai ga sule. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, birni ya cika da leburori da 'yan dako da 'yan ci-rani, mutanen da suka baro matansu a ƙauye, ba su da murhu. Waɗannan su suka raya masu tuwo-tuwo na bakin tasha da bakin kasuwa.

Kasuwar Bayan Zaure

Amma fa babbar kasuwar abinci ba a fili take ci ba, a cikin gidaje take. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina cikin 1967, ta yi mamakin yawan cinikin da matan kulle ke yi ba tare da sun taka ƙofar gida ba, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Mu da muka tashi a cikinsa ba ma ganin abin mamaki. Kowace unguwa an san gidan koko da ƙosai, da gidan waina, da gidan fura, da gidan ɗanwake, da gidan alala, da gidan da ake matsar mai a soya ƙuli-ƙuli.

Tsarin cin abinci a gidan talaka ya ginu ne a kan wannan kasuwa. Wuta sau ɗaya ake hurawa sosai, watau da yamma, a yi tuwon dare da hatsin da maigida ya auna da cefanen da ya kawo. Da safe a yi ɗumame, in bai isa ba a aiki yaro da kwano ya sayo koko. Da rana kuwa kowa a ba shi ɗan abin da zai sayi fura ko ɗanwake. Har ma akan sami maigida ya sayi abincin sayarwa a hannun matarsa ya biya, domin jarinta nata ne, ba ya cikin abin da ya wajaba ta ciyar da gida da shi.

To, me ya sa sayen ya fi dafawa sauƙi? Na ga dalilai huɗu.

Na ɗaya shi ne wuta. Itacen da zai dafa ɗanwaken mutum biyar ba shi da nisa da wanda zai dafa na mutum talatin. In mace ɗaya ta hura wuta ta ciyar da gida goma, an tsimi itacen gida tara.

Na biyu shi ne wahala. Kafin injin niƙa ya yaɗu, abincinmu na turmi ne da dutsen niƙa. Fura sai an yi surfe, an wanke, an daka, an cura, an dafa, an kirɓa. Ƙosai sai an jiƙa wake, an cire masa ƙowa, an niƙa, an buga. Ba macen da za ta yi wannan duka sau uku a yini saboda baki biyar, ga reno, ga sauran aikin gida.

Na uku, mai sayarwa ba ta biyan hayar rumfa, ba ta biyan ma'aikaci, ba ta sayen mazubi. Kowa da kwanonsa yake zuwa, in kuwa babu a ƙunsa masa a ganye ko takarda. Saboda haka kuɗin da mutum ya biya kusan dukkansa na abin da zai shiga cikinsa ne.

Na huɗu shi ne sanayya. Mai ƙosai ta san uban yaron da aka aiko, ta san ranar da yake samu. Tana ba da bashi, tana yin gyara. Daɗin daɗawa, kuɗin ba ya barin unguwa. Kwabon da ya fita daga gidanmu ya shiga gidan mai waina, gobe shi zai dawo in 'yarta ta zo sayen man gyaɗa wurin innarmu. Da shi ake zubin adashi, da shi ake biki, da shi ake tara kayan ɗakin 'ya'ya mata.

Wa Ya Biya Arahar?

A nan sai mu yi wa kanmu adalci, kada daɗin tuna baya ya rufe mana ido. Arahar nan akwai wanda ya biya ta, ita ce yarinya mai talla. Matar kulle ba ta da ƙafar zuwa kasuwa sai ta 'ya'yanta. Enid Schildkrout, wata Ba'amurkiya da ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan aure ta rataya a wuyan yara: su ke sayo kayan haɗi, su ke ɗaukar faifai ko tire su zaga, su ke kawo ciniki. Da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa cikin 1976, iyaye mata da yawa sun ga abin tamkar za a raba su da jarinsu ne.

Kakarmu da na ambata tun tana 'yar shekara bakwai take tallar fura, ba ta taɓa shiga aji ba. Ni da nake zaune a jami'a yau ina rubuta wannan, ban isa in ce a koma wancan zamani ɗungurungum ba. Ƙosan ya yi araha ne domin ƙafar da ta kawo shi ba a biya ta lada ba.

Yadda Kiɗa Ya Sauya

Cikin shekarun 1970 abubuwa uku suka haɗu. Ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. A wannan tsakani kuma aka yi babban farin nan na 1972 zuwa 1974, hatsi ya yi tsada, mutanen karkara suka kwararo birane. Sai kuma kuɗin man fetur, da ƙarin albashin Udoji da aka biya har da ariyas cikin 1975. Kuɗi ya yawaita a hannun ma'aikata, farashi ya bi shi a guje. Shinkafa, wadda a gidaje da yawa sai da salla ko biki ake ganinta, ta zama abincin yau da kullum saboda ta waje da ake shigowa da ita. Burodi da shayi suka fara ture koko a bakin ma'aikaci da ɗan makaranta.

Da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu cikin 1982, sannan gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP cikin 1986, darajar naira ta zube. Daga nan ƙananan kuɗi suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kwabo ya bi sawun anini, har aka wayi gari naira biyar da naira goma ma ba su sayen ƙwayar ƙosai.

A cikin wannan shekara ta 1986 ne kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's na farko a Legas, daga baya ire-irensa suka bazu har biranen Arewa. Wannan sabon nau'i ne na abincin saye, kuma lissafinsa ya saɓa da na da ta kowace fuska. Wanda ya sayi tekawe, ban da shinkafar, yana biyan hayar gini, da man janareta, da na'urar sanyaya ɗaki, da albashin ma'aikata, da kwali da leda da cokalin roba da za a jefar. Ba a yanka masa na daidai kuɗinsa, ba bashi, ba gyara, kuɗin kuma in ya tafi ba ya dawowa unguwa.

Lissafin Magidanci

Yanzu bari mu ɗora abin a kan sikeli. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na niƙa da na dakon hatsi duk suka tashi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Cikin Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. In aka raba wannan gida 30, zai ba da wajen naira 2,300 a yini. In gidan mutum bakwai ne, kowane baki ya tashi da naira 330 da 'yan kai, safe da rana da dare, tun ba a cire haya da magani da kuɗin makaranta ba. Kwali ɗaya daga cikin bakwai ɗin da na sayo wa yayana ya fi ƙarfin kuɗin yinin nan gaba ɗayansa. Ashe ga irin wannan magidanci tekawe ba ya cikin lissafin ciyarwa, sai dai a sa shi a layin ɗinkin salla.

Tsohuwar kasuwar kuwa tana nan da ranta, har ta sami sababbin 'ya'ya: awara, da garau-garau, da gurasa bandashe, da taliyar Indomie a teburin mai shayi. Dalilin farko da na kawo, watau wuta, har yanzu yana aiki, domin gawayi da gas da kananzir duk sun yi tsada. Gwauro da ɗalibi da ɗan ƙaramin iyali sau da yawa saye ya fi musu sauƙi bisa ga ɗora tukunya. Mu da ke zaune a ɗakunan kwanan ɗalibai shaida ne. Amma gida mai baki da yawa, tukunya ɗaya ta tuwo ita ce rufin asirinsa, kamar yadda take tun zamanin wuri. Ita ma mai ƙosan tana cikin matsi. Wake da mai sun tashi, in ta ƙara kuɗi masu saye su gudu, saboda haka sai ta rage girman ƙosan, ribarta ta ƙanƙance tare da shi.

Kammalawa

A taƙaice dai kakarmu ta yi gaskiya, sai dai abu biyu ta haɗa a suna ɗaya. Akwai abincin saye na unguwa, wanda talauci ya haifa, ya kuma rufa wa talaka asiri shekaru aru-aru. Akwai kuma na kwali, wanda yalwa ta haifa, aka yanka farashinsa daidai aljihun mai yalwa. Kuskuren yayana, wanda da yawanmu za mu iya yi in mun fara ɗaukar albashi, shi ne auna na biyun da mudun na farkon.

Ina ganin aikin da ke gabanmu shi ne neman yadda kasuwar bayan zaure za ta ɗore ba tare da an cire yarinya daga aji an ɗora mata tire ba. Wannan tambaya ce da ta shafi masu nazarin tarihi da na tattalin arziki da na zaman jama'a baki ɗaya. Ina kuma roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya je hutu ya zauna da tsofaffin gidansu, ya tambaye su me anini ke saye, me sisi ke saye, wa ke dafawa, wa ke kaiwa, ya rubuta. Irin wannan tarihi ba ya cikin kundin gwamnati, yana bakin mata ne, kuma kullum raguwa suke yi.