Ƙaramin Jirgin Kuza: Layin Dogon da Zariya Ta Manta

Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Garin Zariya. A 1911 layin dogon da aka faro daga Baro, a bakin Kogin Kwara, ya ratsa Zariya ya isa Kano. Turawa suka keɓe fili kusa da tasha, a wajen ganuwar birni, domin akawuna, masu gyaran injuna da 'yan kasuwar da suka biyo layin daga Kudu. Masu haƙar ƙasa kuwa talakawan karkara ne da hakimai suka tara bisa umarnin Turawa. Har Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, ya yi wa aikin waƙa, wadda aka sani da Waƙar Diga.

Daga wannan tasha wani layi na biyu ya tashi, wanda yau kaɗan ne ke tuna shi. Kamfanonin haƙar kuza a tsaunukan Jos sun daɗe suna dogara da 'yan dako, waɗanda ke ɗaukar kuzar a ka har Loko, a bakin Binuwai. Domin rage wannan tsada, gwamnatin mulkin mallaka ta shimfiɗa ƙaramin layin Bauchi, sunan da ya samu saboda Jos tana cikin lardin Bauchi a wancan zamani. Ya kai Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, tsawon mil 143.

Faɗin babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne, na ƙaramin kuwa ƙafa 2 da inci 6. Siririn layi ya fi araha, kuma ya fi iya kwana a tsakanin duwatsu. Sai dai taragonsa ba ya hawa babban layi, saboda haka dole a sauke kowane buhun kuza a Zariya a sake loda shi. Wannan ya samar wa leburorin Sabon Gari abin yi, amma ya zama ajalin layin. Da layin Gabas ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta samu hanya kai tsaye zuwa Fatakwal. Ƙaramin jirgin ya ci gaba da jigilar fasinja da kayan gona har aka rufe shi a 1957.

Reshen da ya nufi Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, an yi shi da faɗin babban layi, shi ya sa ya fi daɗewa. Shi ne ya bi ta Samaru, inda aka kafa cibiyar binciken aikin gona a 1922, yana kwaso auduga da gyaɗa. Unguwar Hayin Dogo daga gare shi ta samo suna.

Ragowar injunan ƙaramin layin suna ajiye a gidan tarihi na Jos. Masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen kwaikwayo, kamar yadda ake yi a Ingila da Jamus, za su iya farawa da shi cikin sauƙi. Idan aka rage milimita 762 da ma'aunin 1 bisa 87, ana samun kusan milimita 9, wato daidai faɗin layin da ake sayarwa da sunan H0e. Tebur guda ya isa a sake gina tashar Zariya da layukanta biyu da rumbun sauke kaya.

Batun faɗin layi bai zama tarihi ba tukuna. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne, haka ma wanda ake shimfiɗawa zuwa Kano ta Zariya, alhali tsohon layin milimita 1,067 ne. Ke nan kayan da za su taso daga Ƙauran Namoda ta tsohon reshe sai an sake sauke su kafin su hau sabon jirgi, kamar yadda aka yi wa kuza tun daga 1914.