Daga aikin tilas zuwa yarjejeniya: tarihin albashi da hutu a ƙasar Arewa

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme, albashin mutum ɗaya ba nasa ba ne shi kaɗai. Kuɗin da mushe ko ma'aikacin likita yake amsa a ƙarshen wata, shi ne hatsin gida idan rumbu ya yi ƙasa, shi ne magani, shi ne littafin ƙane a lakwal. Saboda haka tarihin albashi da hutu da kuɗin iyali ya shafi kowane gida, ba masu zaman biro kaɗai ba. Abin da tarihin nan yake nunawa kuwa shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙoƙi da aka bayar kyauta, kuma wanda aka samu yana iya suɓucewa.

Bayan da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa Lugu a 1899, Faransawa suka kafa mulkinsu a yankin, aikin farko da talaka ya sani a hannun Nasara ba na lada ba ne. Kumandan yakan aika wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa masu gari, a tattaro majiya ƙarfi don ɗaukar kaya da share hanya da ginin gidajen gwamnati. Ga lanho, ga ɗaukar soja, ga dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. Da yake iyaka tana kusa, mutane da yawa sun riƙa tsallakawa ƙasar Ingilishi idan abin ya yi tsanani. Gudun hijira shi ne yajin aikin wancan zamani.

Ƙofar ta fara buɗewa a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. A watan Agusta 1944 aka ba ma'aikatan ƙasashen renon Faransa damar kafa ƙungiyoyin ƙwadago, wato sandika. Ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas. Daga nan tambaya ta sake kama: tun da aiki ya zama na lada, nawa ne ladan, kuma wa zai yanke shi? Ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma sun ba da tasu amsar da yajin aikin da suka yi daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948. Nijar ba ta da layin dogo, amma darasin ya iso ta. A 1950 dokar Lamine Guèye ta biyu ta amince cewa ma'aikacin gwamnati baƙar fata da Bafaranshe su daidaita a albashi da alawus, har da kuɗin iyali.

Babban mataki ya zo a 1952. Ranar 3 ga Nuwamba ma'aikata suka ajiye aiki a faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa, ranar 15 ga Disamba kuma aka fitar da dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare. A cikinta akwai awa 40 a mako, da mafi ƙarancin albashi, da hutun shekara mai biya, da hutun haihuwa na mako 14, da ikon ƙungiyoyi na zama da masu ba da aiki su ƙulla yarjejeniya. Sai dai rubutu daban, aiki da shi daban. Masu kamfanoni sun rage awoyi daga 48 zuwa 40 ba tare da ƙara kuɗin awa ba, wato sun rage albashi ke nan. Wannan ne ya jawo yajin aikin 1953, wanda a Yamai Djibo Bakary, tsohon malamin makaranta, ya kasance cikin jagororinsa. A 1956 aka fara biyan kuɗin iyali ga ma'aikatan kamfanoni.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta gaji wannan tsari ta gina a kansa: dokar ƙwadago ta 1962, da asusun CNSS a 1965, wanda yake kula da kuɗin iyali da haɗarin aiki da ritaya. Ranar 15 ga Disamba 1972, shekara 20 cif bayan dokar farko, aka sa hannu kan yarjejeniyar bai-ɗaya ta dukan sana'o'i tsakanin ƙungiyar ma'aikata da ta masu ba da aiki. Doka tana aza harsashi ne, yarjejeniya kuma ita ke ɗora gini. Ita ce ta jera ma'aikata aji-aji gwargwadon ƙwarewa, ta tanadi ƙarin kuɗin daɗewa a aiki, da kuɗin sallama idan an kori mutum, da kwanakin izini na aure da suna da rasuwa. Amfaninta a bayyane yake. Ma'aikaci ɗaya a gaban maigida mai roƙo ne, amma idan akwai takardar da aka sa wa hannu da sunan kowa, sai ya zama mai neman haƙƙinsa. Wannan yarjejeniya ta yi shekara 50 kafin a sabunta ta a 2022.

To, ina Arewa a cikin wannan? Yankin ba shi da manyan masana'antu ko ma'adinai irin na Arlit. Abin da yake da shi makarantu ne, na gwamnati da na mishan ɗin Katolika na Dogon Dutsi, waɗanda suka fitar da malamai da malaman asibiti da ma'aikatan mulki da suka bazu cikin ƙasa. Irin waɗannan ma'aikata ba yarjejeniyar 1972 ke riƙe da su ba, dokar aikin gwamnati ce, tare da takardun sulhu da ƙungiyoyinsu irin su SNEN ta malamai suke ƙullawa da gwamnati bayan kowane yajin aiki. Hanya biyu ce, amma manufa ɗaya: albashi sananne, ƙarin girma a kan lokaci, hutu, kuɗin iyali da ritaya.

Shekarun 1990 sun gwada ƙarfin wannan gini. Uwar ƙungiyar USTN ta tsaya a sahun gaba wajen neman dimokuraɗiyya, ta taka rawa a babban taron ƙasa na 1991. Amma baitulmali ya bushe, albashi ya riƙa taruwa wata da watanni ba a biya ba, sannan a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A garuruwa irin su Dogon Dutsi, inda ɗan tireda yake ba malami bashi har ƙarshen wata, jinkirin ya taɓa kasuwa gaba ɗaya. Ƙungiyar ma'aikata ita ma ta rarrabu: CNT ta fito a 1996, CDTN a 2001.

Daga 1998, ƙarƙashin matsin masu ba da rance, gwamnati ta fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantiragi. Makarantu sun ƙaru ƙwarai a ƙauyuka, wannan gaskiya ce. Amma abin da ake ba ɗan kwantiragi a farkon tsarin bai kai rabin albashin cikakken malami ba, kuma ba shi da tabbacin ƙarin girma ko ritaya. Ba a soke haƙƙin da aka samu a 1952 ba. An buɗe wata ƙofa ce ta shigar da mutane aiki a gefensa. Cikin ƴan shekaru ƴan kwantiragi suka fi cikakkun malamai yawa a firamare, suka kafa nasu ƙungiyoyi, irin su SYNACEB, suka koma neman abin da kakanninsu suka nema: biya a kan lokaci da aiki mai tabbas.

A rubuce, ma'aikacin Nijar yana da kariya. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta ba shi hutun kwana biyu da rabi ga kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara, ta tabbatar wa mace hutun haihuwa na mako 14. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30.047 na 2012 zuwa 42.000. Sai dai inuwar wannan rumfa ba ta kai ga mafi yawan Arawa ba. Manomin gero na Sukukutan, da mai lambun rani a Dallol Mawri, da yaron mota a tasha, da ɗan cirani da ke tafiya Lagos ko Kwatano bayan kaka, babu wanda yarjejeniya ta san sunansa. Hutunsu rashin aiki ne, ritayarsu ƴaƴansu ne.

Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake. Yarjejeniyar da aka rubuta da Faransanci, aka ajiye a Yamai, ba ta kare mai gadin da bai taɓa jin abin da ke cikinta ba. Fassara ta da Hausa, da karanta ta a rediyon karkara, da koya wa ɗalibai shekarun 1946 da 1952 da 1972 kamar yadda ake koya musu sunan Sarauniya, duka suna cikin kiyaye gado. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, maigida ba ya wahalar hana shi.