Guest (kalmar Turanci)

Guest kalma ce ta Turanci da ke nufin mutumin da aka gayyata ko aka sauka a gida, a wurin biki ko a masauki. A Hausa ana fassara ta da "baƙo". Ana furta ta "gest", harafin u ba ya fitowa a baki. Jam'inta guests, mai masaukin baƙon kuma shi ake kira host.

Ma'ana da amfani

Ɗalibai kan ɗauki guest da visitor a matsayin abu ɗaya, amma da bambanci. Visitor duk wanda ya kai ziyara ne, ko an san da zuwansa ko ba a sani ba, kamar mai zuwa dubiya ko mai yawon buɗe ido. Guest kuwa akwai wanda ya ɗauki nauyinsa. Wanda ba a san shi ba sam, Turancin yau stranger yake ce masa. Kalmar "baƙo" ta Hausa ta haɗa ukun duka, shi ya sa mai fassara kan yi tuntuɓe a nan.

Otal-otal ma guests suke kiran masu kama ɗaki, duk da kuɗinsu suka biya. Akwai guest house, masaukin baƙi, da guest of honour, babban baƙo a taro. Idan aka nemi izinin wani abu, mai shi ya ce be my guest, nufinsa "bismillah, yi abinka", ba gayyata gida ba ce.

Asali

A Tsohon Turanci kalmar giest ce ko gæst, kuma tana nufin baƙon gida da baƙon gari gaba ɗaya, kamar dai a Hausa. A karin harshen Wessex, g ɗin giest sautin "y" yake da shi. Da wannan furuci ne ya ɗore, da yau "yest" ake cewa. Masana na danganta g ɗin yanzu da kalmar gestr ta Tsohon Nos, harshen 'yan Vikin da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9. Irin wannan ya faru da give, wadda marubuci Chaucer ke rubutawa yeve. Shi kuwa u, daga baya aka saka shi don kada a karanta g kamar "j".

Kalmar tana da 'yan'uwa: Gast a Jamusanci, gost' a Rashanci. Dukansu ana mayar da su ga saiwar *ghos-ti- ta tsohon harshen Indo-Turai, wanda ba a taɓa rubuta shi ba. Alamar tauraro na nuna cewa masana ne suka gano siffar ta hanyar kwatanta harsuna. Sautin gh ya koma g a dangin Jamusanci, bisa ƙa'idar da Jacob Grimm ya bayyana a 1822, a Latin kuma ya koma h.

A nan ne abin ya fi ɗaukar hankali. A Latin saiwar ta haifar da hostis, wadda da farko ke nufin baƙo daga wata ƙasa, daga baya ta koma "abokin gaba". Cicero da kansa ya lura da wannan sauyi a littafinsa De Officiis. Daga ita Turanci ya samu hostile, wato mai nuna gaba. Saiwar kuma ta shiga cikin hospes, mai karɓar baƙo, wadda ta haifar da host, hospital, hostel da hotel. Masanin harshe Émile Benveniste, a aikinsa na 1969, ya bayyana cewa asalin ma'anar alaƙa ce ta haƙƙi tsakanin mutum biyu, kowa na bin ɗayan bashin karamci. Har yau hôte a Faransanci na nufin baƙo da mai masauki duka.

Hausa ta aro kalmomi biyu daga wannan dangi ta hanyar Turanci: "asibiti" daga hospital, da "otal" daga hotel.

Ghost, wato fatalwa, ba ta cikin dangin duk da kamar da suke yi a ido. Ta fito ne daga gāst ta Tsohon Turanci, mai nufin ruhu.