Ciwon Zuciyar Jego: Tarihin Bincikensa daga Zariya zuwa Yamai da Kano

Ciwon zuciyar jego rauni ne da ke kama tsokar zuciyar mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, ba tare da ta taɓa fama da ciwon zuciya ba. Zuciyar takan buɗe ta saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Sai a ga mai jego tana haki, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, ga tarin dare, ga faɗuwar gaba. Cutar tana ko'ina a duniya, amma alƙaluman ƙasar Hausa suna cikin mafi muni da aka taɓa rubutawa. A Zariya da Sakkwato an samu kimanin mace 1 cikin kowace haihuwa 100, alhali a Amurka lissafin yana tsakanin 1 cikin 1,000 da 1 cikin 4,000.

Binciken farko mai zurfi a Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya aka yi shi. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya zo jami'ar a 1969, da abokin aikinsa Neil Davidson suka bi diddigin mata 224, suka wallafa cikakken rahoto a 1978. Sun lura cewa yawancin matan Hausawa ne, kuma cutar ta fi yawa a lokacin zafi da damina. Daga nan hankalinsu ya koma kan al'adun jego: wankan ruwan zafi da ganye safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa, wanda iyaye ke ɗirka wa mai jego don ya kore mata sanyi ya kawo ruwan nono. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, shi kuwa sodiyam riƙe ruwa yake yi a jiki. A ganinsu, ruwa ya yi yawa, zafi ya buɗe hanyoyin jini, zuciyar da ta gama wahalar wata tara ta kasa ɗaukar nauyin. A 1979 John Sanderson da abokansa suka duba wasu matan Zariya da na'urar hoton zuciya, suka tarar da dama daga cikinsu tsokar zuciyar tana matsawa da ƙarfinta, abin da ya ƙara wa wannan bayani gindin zama. Shekaru da yawa littattafan likitanci na duniya, in sun ambaci Hausawa, kanwa da wankan jego suke ambata.

Kanwar nan tsohuwar hajar fatauci ce. Ana haƙo ta a Manga da Kawar da gefen Tafkin Chadi da kwarin Dallol Bosso, kuma har yau ana auna ta a kasuwannin Yamai, daga Babbar Kasuwa zuwa Katako, inda uwa ko gwaggo kan sayo ta cikin kayan jego tare da gero da kayan yaji. A shekarun 1980 ne wani likita Bafaranshe, Arnaud Cénac, yake karɓar masu jego masu kumburi a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Marasa lafiyarsa ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Zabarmawa da yawa, kuma abin da ya haɗa su shi ne talauci da yawan haihuwa. Cénac ya san labarin cutar Keshan ta ƙasar Sin, wadda ke lalata zuciyar yara da mata matasa a yankunan da ƙasarsu ba ta da sinadarin seleniyam. Sai ya auna jinin matan Yamai. Rahotonsa na 1992 ya nuna seleniyam ɗin masu cutar ya yi ƙasa ƙwarai idan aka gwada da na masu jego lafiyayyu. A 1998 shi da Dokta Ali Djibo suka wallafa binciken yaɗuwar cutar a yammacin Nijar. Aikin Yamai ya cancanci a riƙa tunawa da shi fiye da yadda ake yi, domin shi ne ya fara karkatar da tambayar daga abin da mai jego take sha zuwa abin da jikinta ya rasa.

Amma ba kumburi kaɗai ke kashe waɗannan mata ba. Wata tana samun sauƙi, an sallame ta, sai a wayi gari ta yanke jiki ta faɗi. Irin wannan mutuwar fuju'a galibi rikicewar bugun zuciya ce, kuma ba a fahimtarta sai an koma ga kalsiyam.

A 1883 Sydney Ringer, wani likita a Landan, yana gwaji da zuciyar kwaɗo a cikin ruwan gishiri. Mataimakinsa ya yi amfani da ruwan famfo maimakon tataccen ruwa, sai zuciyar ta ci gaba da bugawa na sa'o'i. Da Ringer ya bincika, ya gano ɗan kalsiyam da ke cikin ruwan famfon ne sirrin. Ƙarin ruwan da ake ɗaura wa marasa lafiya a asibitocinmu mai ɗauke da sunan Ringer daga wannan aiki ya samo asali. A shekarun 1960 Setsuro Ebashi na Japan ya gano troponin, furotin da kalsiyam ke kamawa kafin tsoka ta matse. A shekarun 1970 Alexandre da Françoise Fabiato suka nuna yadda abin ke gudana a tsokar zuciya: a kowane bugu, ɗan kalsiyam kaɗan ke shigowa daga waje, shi ne ke buɗe ƙofar wani rumbu da ke cikin ƙwayar tsokar, kalsiyam mai yawa ya kwararo, tsoka ta matse, sannan a kwashe shi a mayar rumbun kafin bugu na gaba. Ƙofar rumbun ana kiranta RyR2. A 1993 Heping Cheng da Jonathan Lederer da Mark Cannell suka ga buɗewar waɗannan ƙofofi da na'urar hangen ƙananan halittu, tana walƙawa ɗaya bayan ɗaya.

Idan zuciya ta raunana, ƙofar takan fara yoyo a lokacin da ya kamata ta kasance a rufe, abin da Andrew Marks na Jami'ar Columbia ya bayyana a 2000. Ƙwayar tsoka takan fitar da kalsiyam ɗin da ya zubo ta hanyar musaya: ɗaya ya fita, sodiyam uku su shigo. Wannan musayar tana haifar da ɗan lantarki, kuma idan ya kai wani mizani sai ya tayar da bugun da ba lokacinsa ba. Bugu ɗaya faɗuwar gaba ce kawai. Idan suka jeru, zuciya ta shiga karkarwa ba ta tura jini, mutum na iya cikawa cikin mintuna. A 2001 Silvia Priori ta Italiya ta gano cewa gurɓacewar gado a RyR2 ce ke sa wasu yara masu lafiyayyar zuciya faɗuwa suna cikin gudu ko firgita.

Wannan ilimi ya shafi gadon asibitinmu kai tsaye. Digoxin, wanda aka yi wa matan Zariya magani da shi kuma har yanzu ana rubuta shi saboda arha, ƙarfin zuciya yake ƙarawa ta hanyar tara kalsiyam a cikin tsoka. Tazarar da ke tsakanin maganinsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce, musamman idan an haɗa shi da maganin sa fitsari mai zubar da fotasiyam. Shi ya sa sayen irin waɗannan ƙwayoyi a hannun masu tallar magani a kasuwa, ba awon jini ba likita, ganganci ne da rai.

Babi na baya-bayan nan a Kano aka rubuta shi. Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sake gwada abin da aka gani a Yamai, ya tabbatar a 2015 cewa matan Kano masu cutar suna da ƙarancin seleniyam. Ya kuma yi nazarin alamomin da awon lantarkin zuciya ke nunawa a jikinsu, awon da ya fi hoton zuciya sauƙin samu a ƙananan asibitoci. Daga baya ya jagoranci rajistar PEACE, wadda ta tattara mata 406 daga asibitoci a sassan Najeriya, aka wallafa sakamakonta a 2020. A Arewa maso Yamma an samu mace 1 cikin haihuwa 96. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, rajistar ba ta samu alaƙa tsakanin cutar da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin goyon ciki. Wannan bai wanke kanwa ga wadda zuciyarta ta riga ta raunana ba, don sodiyam zai ƙara mata kumburi, amma ya sauke wa kakanni da ungozomomi laifin da aka ɗora musu fiye da shekara arba'in.

A waje ma an samu ci gaba. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner ta Jamus ta nuna cewa wani gutsuren sinadarin da ke kawo ruwan nono yana lalata ƙananan hanyoyin jinin zuciya, kuma a 2010 Karen Sliwa ta gwada maganin bromocriptine, mai hana jiki fitar da wannan sinadari, a kan wasu mata a Afirka ta Kudu. Maganin yana ƙafar da nono, wanda hukunci ne mai nauyi a gidan da ba a iya sayen madarar gwangwani.

Cikin matan rajistar PEACE da aka ci gaba da bibiya, kusan 1 cikin 5 ta rasu kafin cikar shekara biyu. Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda ba su kai shekara 20 ba, da waɗanda suka zo asibiti jininsu ya sauka ko zuciyarsu tana gudu fiye da ƙima. Waɗanda suka dage da shan magungunan rage saurin bugu, irin masu kare zuciya daga sinadarin firgita da ke ƙara mata lodin kalsiyam, sun fi sauran tsira.