GYARTAI DA ZINAREN JAPAN

Yau na ɗan ajiye labarin da nake kawo muku don mu leƙa tarihin wata sana'a.

A ƙasar Japan akwai abin da suke kira kintsugi, wato haɗi da zinare. Idan kofin shayi na tangaran ya fashe, sai gwani ya manne gutsattsarin da ƙaron wata bishiya mai suna urushi, ya ajiye a akwati mai danshi har ya bushe, sannan ya barbaɗa garin zinare a kan tabon. Aikin kan ci makonni. Ɗanyen ƙaron kuwa yana sa fata ƙaiƙayi, don haka mai koyo sai da haƙuri.

Ana danganta asalin abin da wani mai mulkinsu, Ashikaga Yoshimasa, wanda ya rasu a 1490. An ce kofinsa ne ya tsage, ya aika da shi ƙasar Sin, aka dawo masa da shi an ɗaure da ƙarafa. Daga nan masu sana'a suka nemi gyaran da zai ƙara wa abu kyau.

To mu fa? Mu ma muna da namu, shi ne gyartai. Ina ƙarama a Mabai, yakan bi gida-gida da basilla da zaren kaba, mata su fito masa da fasassun ƙore. Ya huda gefe da gefe, ya ɗinke tsaf, ƙwarya ta koma bakin aiki. Masu tallar nono a kasuwannin Ƙanƙara da Sheme ta Faskari sun san amfaninsa. Babu makaranta, yaro zama yake gefen ubansa har hannunsa ya faɗa.

Me ya kashe kasuwarsa? Tun zamanin Turawa aka fara shigo da kwanoni masu fenti, a 1960 aka kafa kamfanin yin su a Legas, daga baya roba ta zo da arha. Abu ya fashe, a yar, a sayi wani.

Amma a ganina akwai abin da ya riga roba, wato raini. Mu ne muka ce, ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta. Su kuwa kofin nan mai ƙarafa yana gidan tarihi na birnin Tokyo, ana zuwa kallonsa. Can mai gyara gwani ne, nan kuwa abin zolaya, wane yaro zai so gadon sana'ar da ake yi wa dariya?

Roƙona ga 'yan'uwa marubuta, duk wanda ya san tsohon gyartai a garinsu ya je ya zauna da shi, ya rubuta sunayen kayan aikinsa da yadda yake ɗinki tun yana da rai.

Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.